Kifin da ya iya yaudarar maƙiyi, ya kasa yaudarar zafi

A wani shirin talabijin na fara ganinsa: ɗan kifi faffaɗa kamar faifai, fari mai ratsin baƙi, yana shawagi tsakanin duwatsun murjani. Saboda kyawun zanensa ake danganta shi da malam-buɗe-littafi. Masana kuwa na kiransa Chaetodon striatus, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1758. Mazauninsa yammacin Tekun Atlantika ne, musamman yankin Karebiyan, kuma tsawonsa bai cika wuce santimita 16 ba.

Hikimar halittarsa ce ta ja hankalina. Baƙin ratsi ya bi ta kan idonsa ya ɓoye shi. Yayin ƙuruciya kuma yana da baƙin ɗigo kusa da wutsiya mai kama da ido, sai babban kifi ya kai hari ta baya, shi kuwa ya tsere ta gaba. Manyansu biyu-biyu suke yawo, namiji da mace.

Sai dai wannan dabara ba ta kare gidansa. Murjanin da yake rayuwa a cikinsa dangi ne ga wanda iyayenmu mata ke ado da shi: ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda wasu tsirrai da ke jikinsu ke ciyarwa. Idan ruwa ya yi zafi sosai sai su kori tsirran, su yi fari fat, yunwa ta kashe su. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

Wannan kifi bai shiga haɗarin ƙarewa ba tukuna, domin yana cin tsutsotsi da sauran ƙananan halittu. 'Yan'uwansa da ba su da abinci sai murjani su ke fara ɓacewa.

A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da cewa murjanin duniya na yin fari a karo na huɗu. A wannan watan ne zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ɗumamar duniyar da ke dafa gidan kifin ita ce ke ƙona Sahel. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ko da ɗan'uwan nan kifi ne.