Warin Daddawa: Me Ya Sa Hanci Ke Gudu, Baki Na So?

Manoma da 'yan kasuwa, a wannan mako za mu ɗan bar maganar taki, mu duba wani abin da ke raba kan jama'a a kowace kasuwa, watau warin daddawa. Wanda ya taɓa shiga mota daga Mai'aduwa zuwa Daura tare da mai kwandon daddawa ya san zancen. Wani ya toshe hanci ya leƙa taga, wani kuwa yawunsa ya tsinke, don ya tuna da miyar kuka. Ga shi kuwa wanda ya toshe hancin, in ya koma gida aka kawo masa tuwo babu daddawa a miya, shi ne zai fara faɗa. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba.

Wannan gardama ba mu kaɗai ke yinta ba. Can gabas mai nisa, a ƙasashen Malesiya da Indunisiya da Tailan, akwai wani ɗan itace da ake kira duriyan. Girmansa ya kai kan mutum, nauyinsa kilo 1 zuwa 3, bayansa duk ƙaya. Mutanen can suna kiransa sarkin 'ya'yan itace, suna sayensa da tsada, ƙasar Sin ma tana sayensa da yawa daga Tailan. Amma baƙo in ya sunsuna sai ya ce ruɓaɓɓiyar albasa ce. A Singafo har an hana shiga jirgin ƙasa na cikin birni da shi. A shekarar 2012 waɗansu masana a Jamus suka bincika, suka sami abubuwa fiye da 40 masu ba da wari ko ƙamshi a cikinsa, da yawa daga cikinsu dangin farar wuta ne. To, duriyan da warinsa yake nuna a bisa itace. Daddawa kuwa hannun mata ke ba ta nata.

Ga yadda abin yake. Kalwa, watau ƙwayar ɗorawa, tauri gare ta ƙwarai, ciki ba ya iya narka ta ɗanya. Sai a dafa ta yini guda ko fiye, a surfa a fid da ɓawon, a wanke, a sāke dafawa. Sa'an nan a tsane ruwan, a zuba a ƙwarya ko kwando da sauran ɗuminta, a rufe da ganye da buhu, a ajiye kwana biyu ko uku. A cikin waɗannan kwanaki waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, suke yaɗuwa cikinta. Su ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa, har ta yi laushi, ta yi yauƙi, ta yi zafi da kanta ba wuta. Daga wannan farfasawa abu biyu ke fita. Na ɗaya wata iska ce mai hawa kai, wadda Turawa ke kira amoniya, irin wadda ake ji a turken awaki; ita ce hanci ke gudu. Na biyu shi ne abin da ke ba miya zaƙin nama, wanda masu yin dunƙulen Maggi su ma suke zubawa a nasu. Ashe warin da daɗin uwarsu ɗaya. Da an sa ta a tukunya ta tafasa, yawancin iskar sai ta bi tururi, daɗin ya zauna.

Me ya sa wani ke so wani ke ƙi? Yawanci sabo ne. Hancin da ya tashi da ita tun yana yaro ya haɗa warin da ƙoshi. Yarabawa suna da tasu, suna ce mata iru. A Mali da Barkina Faso sumbala ake kiranta. Mutanen Japan ma suna ruɓar da waken suya da irin waɗannan halittu, su ci da shinkafa da safe. Ko a tsakaninmu akwai bambanci. Mai cin daddawar kalwa yakan yi wa daddawar batso dariya, wadda ake yi da ƙwayar yakuwa, ta fi kwana a rufe, ta kuwa fi ƙarfin wari. A ƙasashen Maraɗi da Damagaram da ƙauyukan bakin iyaka tana da masoya da yawa. Daddawa ce ke gaya wa manda baƙi.

Kada wari ya sa mu raina ta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa abin gina jiki ne, ga mai, ga ƙarfen da jini ke bukata. A gidan da ba a samun nama kullum, wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga yara. Dunƙule yana ba da ɗanɗano, amma mafi yawansa gishiri ne. Ban da haka, sana'ar daddawa ita ce jarin mata da yawa.

Sai dai a rarrabe warin nuna da na lalacewa. Daddawa mai kyau ta bushe sarai, ba ta da furfura, ba ta da tsutsa. Masu yi su shanya ta a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙasa da ƙudaje. Mai sayarwa ya ajiye ta inda babu laima, musamman da damina, kada kuma ya ɗaure ɗanya cikin leda. Mai kanti kuwa kada ya jera ta kusa da sukari ko fulawa ko ganyen shayi ko yadi, don suna ɗaukar wari.

Saura babbar magana, watau itacen. A ƙasar Daura, daga Zango da Ɓaure zuwa Sandamu da Mai'aduwa, ruwan sama bai kai na kudancin Katsina ba, shi ya sa ɗorawa ba ta da yawa kamar a wajen Funtuwa da Zariya. Waɗanda muke da su yawanci tsofaffi ne, gatari kuma bai bar su ba. Gaskiya ne gero ba ya yin kyau a ƙarƙashin inuwarta, amma maganin wannan rage rassa ne, ba sarewa daga gindi ba. Itace guda yana ba da kalwa, da garin ɗorawa da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da makuba ta gyaran daɓe da katanga.

Wanda ke da gona kusa da fadama, ko inda ƙasa ke da zurfi, ya jiƙa kalwa a ruwan zafi ta kwana, ya shuka da faɗuwar damina, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Sai an yi haƙuri, gama takan yi shekara takwas ko goma kafin ta soma 'ya'ya sosai. Waɗanda muke ci yau, kakanninmu ne suka bar mana su.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.