Waƙoƙin Turawa Masu Sanyi Da Suka Yi Tashe

Da yawa daga cikinmu 'yan makaranta, in aka ambaci waƙoƙin Turawa na wajen shekarar 1960 zuwa 1970, sai mu zaci duk kiɗa ne mai ƙara da kururuwa irin na samari. Ba haka abin yake ba. Akwai wani irin kiɗa mai sanyi da ya yi ta ƙwace wa na samarin matsayi, kuma shi ne yawancin kakanninmu masu rediyo suka fi sani.

Bari mu fara da yadda ake gane waƙar da ta yi fice. A wancan zamani, a Ingila da Amurka, kowane mako akan tattara lissafin fayafayan da aka sayar a kantuna, a jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa. A Amurka har da yawan sa waƙa a rediyo ake dubawa. Faifan ƙarami ne, waƙa ɗaya a kowane gefe. To, ba yara kaɗai ke saye ba. Magidanta masu albashi su ma suna shiga kanti, su kuwa ba su son hayaniya. Abin da suke so shi ne murya mai taushi, da fiyano, da goge irin na Turawa, ganga kuwa a tausasa ta. A shekarar 1961 mujallar Billboard ta Amurka ta ware wa irin wannan kiɗa jeri nasa na musamman.

Ga misalin da ya fi ba ni mamaki. Tun 1963 duk sabon faifan da Beatles suka fitar a Ingila sai ya hau na ɗaya. A 1967 suka fitar da "Penny Lane", amma ya tsaya a na biyu. Wa ya tare musu hanya? Wani mawaƙi ne, Engelbert Humperdinck, haifaffen Madras ta Indiya, wanda kafin nan ba a san shi sosai ba. Waƙarsa "Release Me" ta yi mako 6 a sama, ta kuma shafe mako 56 ba ta fita daga jerin ba.

Na Jim Reeves kuwa ya fi ban tausayi. Mutumin Texas ne, ya rasu ran 31 ga Yuli, 1964, sa'ad da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Nashville. Bayan shekara biyu aka fitar da "Distant Drums", ta yi mako 5 tana ta ɗaya a Ingila, mai ita yana kabari.

Shi dai Jim Reeves ya sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya. A ganina dalili shi ne yana furta kalmominsa dalla-dalla, ba gaggawa, har wanda Turancinsa bai wuce na firamare ba yana iya bin maganar. Wanda ke da tsohon garmaho a gida ya duba akwatin fayafayan, da wuya ya rasa sunansa a ciki.