YOYON BAƘIN MAI A INJIN BAN RUWA

Malam manomi, in ka ɗaga injinka na ban ruwa ka ga ƙasar wurin ta yi baƙi, to injin yana yoyon mai. Kada ka ce ai ɗigo ne kawai. Ƙananan injunan da ake aiki da su a fadamun Morai, Talata Mafara, Bakura da Maradun, irin su Honda GX160 da Robin EY20 da takwarorinsu 'yan China, baƙin man da suke ɗauka bai wuce lita 0.6 ba, watau rabin lita da ɗan ɗori. Injin da ya zubar da cikin kofin shayi guda ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na mansa ke nan.

An gama dam ɗin Bakolori a 1978, amma ba kowace gona ruwan kanal yake kai wa ba. Manoma da yawa da inji suke ɗebo ruwa daga gulbi ko rijiya, musamman tun da shirin Fadama ya yawaita waɗannan injuna a shekarun 1990. In mai ya ƙare injin yana cikin aiki, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, injin ya buga. Ga tumatir yana fure, ga alkama tana fid da kai, ga ka kana yawon neman aron inji.

Fara nemo inda yake yoyo

Yawancin asarar kuɗi a nan take. Mutum ya ga mai a gindin injin, sai ya ce a kwance a sake gasket. A kwance, a ɗaura, gobe yoyo yana nan. Dalili kuwa shi ne mai gangarowa yake yi, fankar injin kuma tana watsa shi ko'ina. Inda ka ga ya taru ba lalle nan ne ya fito ba.

Ga yadda za ka yi. Kashe injin, ka rufe famfon fetur, ka bari ya huce. Goge jikinsa duka da tsumma da ɗan kananzir, har ƙarƙashi. Kada ka wanke shi da fetur, domin gudun gobara. In ya bushe, ka shafa toka mai laushi a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, amma kada tokar ta kusanci inda injin yake shaƙar iska. Ajiye shi a wuri mai daidai a kan kwali mai tsabta, ka duba mai, ka cika famfon da ruwa kamar kullum, sa'an nan ka tayar da shi ya yi minti goma. Kashe, ka duba. Inda toka ta fara baƙi daga can sama, nan ne bakin yoyon.

Waɗanda za ka iya gyarawa da kanka

Fara da notin juye mai da ke gindin injin. A ƙarƙashinsa akwai 'yar washa. In an yi ta kwancewa ana ɗaurewa sai ta lotse, ko ma ta faɗi cikin ƙasa ba a lura ba. Sa sabuwa, ka ɗaure da sifanar da ta yi daidai da notin, ba da filaya ba. Kada ka matse da ƙarfin tsiya. Jikin injin alminiyan ne, in haƙorin ramin ya cinye, gyaran ya fi ƙarfinka. Ka lura, injin GX160 yana da irin wannan noti biyu da murfin mai biyu, ɗaya a kowane gefe. Na bayan nan ne ake mantawa da shi.

Murfin mai yana da zoben roba. In ya tsage ko ya bushe, sake shi.

Sau da yawa kuma ba abin da ya lalace, mai ne ya yi yawa. Ana auna mai ne injin yana zaune daidai, a kashe. In man ya kawo bakin ramin zubawa, ya isa. Wanda ya karkata injin don ya ƙara ɗura masa, wai don ya daɗe, shi ya jawo wa kansa yoyo da hayaƙi. Haka nan ajiye inji a karkace a bakin gulbi. Gyara wurin da fartanya, ka sa katako a ƙarƙashi.

Akwai wata 'yar mesa ta roba da ta fito daga murfin bawul zuwa matatar iska. Ta nan cikin injin yake numfashi. In ta toshe ko ta lanƙwashe, iska za ta taru a ciki ta tura mai waje ta duk inda ta sami sauƙi. Ko sil nawa ka saka, sai ya sake yoyo muddin ba a buɗe hanyar nan ba. Duba ta tukuna kafin ka kashe kuɗi.

Waɗanda sai bakanike

In toka ta nuna mai yana fitowa ta bayan fanka, wajen igiyar tayarwa, ko tsakanin injin da famfo, to sil ne ya mutu. Sil wani zoben roba ne da ke riƙe mai a inda sandar injin ta fito waje, akwai ɗaya a kowane gefe. Zafi da ƙurar hunturu su ke cinye shi. Shi kansa ba shi da tsada, amma sai an cire fanka ko famfo kafin a kai gare shi. Tsaya a wurin ka ga aikin. Ka ce wa bakanike ya girgiza sandar ya gani. In tana motsi, to boris ya ci, kuma sabon sil ba zai yi mako biyu ba sai an sake boris ɗin. A shafa wa leɓen sabon sil ɗan mai, a shigar da shi a miƙe, ba a buga shi da bakin sukuddireba ba.

In gasket ɗin murfin gefe ne, a kankare tsohon tas, a sa sabo, a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Kada ka yarda a cika gam. Abin da ya yi yawa yakan gutsure ya faɗa cikin mai.

Ba kowane raguwar mai ne yoyo ba

In mai yana raguwa, ƙasa kuwa ba ɗigo, salansa tana fid da hayaƙi shuɗi-shuɗi, injin ne yake shan mai, ringin fistin ya ci. In man ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Duba ko sil ɗin famfo yana ɗigar ruwa wajen injin. In kuwa man ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin fetur, to fetur ne ya gangaro daga kafireto. Wannan yakan faru in an ɗauko injin a bayan babur ba a rufe famfon fetur ba. A waɗannan biyun na ƙarshe, juye man nan take, kada ka tayar da injin da shi.

Wasu injuna suna da na'urar da ke kashe su in mai ya yi ƙasa. Akwai masu cire wayarta wai tana damunsu. Kada ka yarda a cire maka.

Bayan gyara, ka riƙa duba mai kowace safiya kafin ka ja igiya. Sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma kowace awa 100. Mai ba da ruwa awa biyar kullum, kwana ashirin ke nan. Sayi mai na cikin galan a rufe, ka guji na kwalba wanda ba ka san asalinsa ba. Tsohon mai kuwa ka tara a gwangwani, kada ka zubar cikin kanal, ko kusa da rijiya, ko cikin fangali.

In kana neman ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.