Shin Ko Kun San? Titin Rumawa Da Masu Keke Suka Gada

Shin ko kun san akwai titin da sojojin Rum suka share shekara dubu biyu da suka wuce, kuma yau masu yawon buɗe ido ke bin sa a kan keke? Sunansa Via Claudia Augusta. Daga garin Donauwörth na Jamus, a bakin kogin Danube, yake tashi, ya ratsa Ostiriya, ya gangara Italiya. Tafiya ce ta kusan kilomita 700.

Janar Drusus ne ya fara aikin a shekara ta 15 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗansa Sarki Kalaudiyus ya kammala wajen shekara ta 46 miladiyya. An gano ginshiƙan dutse biyu, ɗaya a Rabland ɗaya a Cesiomaggiore, masu ɗauke da rubutun da ya shaida haka.

Ko kun san birnin Augsburg da ke kan hanyar daga sunan Sarki Agustus ya samo nasa?

Wurin da ya fi wuya shi ne hawan tsaunukan Alps. Mashigar Reschen ta kai tsayin mita 1,500. Wanda gwiwarsa ta gaza, akwai motocin da ke haye da shi har da kekensa, kuma ba abin kunya ba ne. A kan iyakokin kuwa, yarjejeniyar Schengen ta sa galibi ba mai tare ka ya ce kawo fasfo. A ganina wannan ne ya maido wa titin ransa, domin waɗanda suka gina shi a matsayin hanya ɗaya suka gina shi.

Abin da ya fi taɓa ni yana kusa da garin Füssen. Madatsar ruwa ta Forggensee ta haɗiye wani yanki na titin tun 1954. Amma duk lokacin hunturu ana rage ruwan, sai ga tudun tsohon titin ya bayyana a cikin laka da tsakuwa, miƙe sambal, har mutum ya taka shi da ƙafa. Da ɗumi ya dawo, ruwa ya sake rufe shi.

A Trento hanyar ta rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Ostiglia a bakin kogin Po, ɗayan ya ƙare a Altino. Mutanen Altino ɗin nan, da yaƙi ya kore su, cikin tsibiran kusa suka fake, kuma suna cikin waɗanda suka kafa tushen birnin Venis.