Buhun Shinkafa Da Bindiga: Yadda Ake Raba Aiki Tsakanin Soja Da Mai Agaji A Jibiya

A daren 15 ga Yulin 2018 aka tafka ruwan sama a Jibiya, kogi ya ɓalle ya shigo gari. Sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, wasu gawarwakin ma sai a cikin Nijar aka tsinto su, don ruwa bai san shingen kan iyaka ba. Washegarin irin wannan dare, masu tausayi ba sa ƙaranci. Abin da ke wuya shi ne: wa zai kawo kaya, ta wace hanya, kuma a motar wa?

Mu fara da lissafi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da ita, wadda ake kira Sphere, ta ce mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 15 na ruwa a rana, da abincin da zai ba shi kalori 2,100, wato kusan rabin kilo na hatsi da wake da mai. To, a ce mutum 5,000 ne suka rasa matsuguni a ƙauyukan mazaɓar Gangara da ke ƙaramar hukumar Jibiya. Ruwa kaɗai lita 75,000 ke nan kullum, sawu 8 na tanka mai cin lita 10,000. Abinci kuwa tan 2 da rabi, buhu 50 a rana. Ka ƙara tabarmi, gidan sauro, magani da masai. Kuma gobe ma haka, jibi ma haka.

A nan soja ke shigowa. Shi ne ke da manyan motoci, da injiniyoyin da za su gyara gada, da jirgi mai saukar ungulu, ga kuma tsarin umarni da ba ya jiran dogon taro. Ka tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da madatsar Alau ta fashe: motocin soja da kwale-kwale ne suka riƙa kwaso mutane daga unguwannin da ruwa ya shanye. Ita kanta hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana da tsarin kiran wasu rukunonin soja idan bala'i ya fi ƙarfin farar hula.

Sai dai kayan aikin soja ma suna da iyaka. Jirgi mai saukar ungulu irin Mi-17 yana ɗaukar tan 3 zuwa 4 ne, alhali tirela ɗaya tana ɗaukar tan 30, buhu 600. Jirgi na ceton rai ne da kai magani. Ciyar da jama'a na wata da watanni aikin hanya ne.

To me zai hana a miƙa wa soja komai a huta? Amsar tana cikin wani abu da ba a lodawa a mota: amana. Jibiya ba ambaliya kaɗai ke damunta ba, ta sha fama da 'yan bindigar daji, kuma soja ɗaya ne daga cikin masu faɗan. Duk motar da ta bi ayarinsa, wanda ke kwanton ɓauna ba zai tsaya tantance ta ba. Ƙauyen da aka ga soja na raba masa shinkafa kuma, ana iya yi masa kallon mai kai rahoto, bayan an tafi ya ɗanɗana kuɗarsa. Mai agaji ba shi da sulke. Kariyarsa ita ce kowa ya yarda ba ya ɓangaren kowa.

Saboda haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin Oslo a 1994, aka sabunta su a 2006, game da amfani da kayan sojan ƙasashen waje wajen agaji. Gundarin su shi ne: sai an rasa wata mafita ta farar hula. Sojan gida yana da hurumin aiki a ƙasarsa, amma rabon aikin da ƙa'idojin suka kawo yana da amfani ko'ina. Hawa uku ne. Na farko, miƙa kaya hannu da hannu ga mabuƙaci. Na biyu, jigilar kaya da ma'aikata. Na uku, gyaran hanya, gada da filin sauka. Inda ake zaman lafiya, soja na iya taɓa duka ukun. Inda ake rikici, gwargwadon nisansa da hannun mai karɓa, gwargwadon amincin kowa. Wato a hanyar Katsina zuwa Jibiya ya tsare hanya, ya gyara kwalbati, ya bar rabon ga jami'an agajin gaggawa na jiha, da Red Cross, da masu unguwanni da suka san gidan kowa. Rakiyar masu makami ma haka take: a ƙa'ida ba a yin ta sai dole, don ranar da ka fara, da wuya ka sake bin hanyar kai kaɗai.

Amma nesa da juna ba yana nufin gaba ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. Mutane da dama suka mutu, har da ma'aikatan Red Cross 6. Binciken hedikwatar tsaro ya danganta abin da rashin sanya wurin a taswirar aiki. Ka ga ke nan kaya mafi muhimmanci da ke wucewa tsakanin soja da mai agaji shi ne bayani: ina sansani yake, yaushe ayari zai tashi, wace hanya zai bi. Bayanin kuma ta ɓangare biyu yake tafiya. A Maris ɗin 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, jama'ar garin suka kwararo cikin Jibiya, aka tsugunar da su a makaranta. Motsin soja kaɗai na iya haifar da dubban bakunan ciyarwa cikin yini ɗaya, don haka mai tanadin ruwa da abinci yana buƙatar ya ji da wuri.

Sai batun iyaka. Daga 2019 dubban mutanen Katsina, Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Mutum na iya bi ta gona ya tsallaka, tirelar abinci kuwa sai ta bi ta Magama, gaban kwastan. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Idan ba a yi yarjejeniyar barin kayan agaji su wuce tun da wuri ba, sai kaya su kwana a shinge, mabuƙata na can ƙetare suna jira.

Duk wannan ba ranar da ruwa ya ci gari ake tsara shi ba. Da rani ake zama: kwamandan yanki, jami'in agaji, hakimi, kwastan da takwarorinsu na Ɗan Isa, a san lambar wayar juna, a san inda rumbun ajiya yake, a sa makarantu da asibitoci a taswira. Kai ma, mai karatu, kafin damina ta kankama, tambayi kansilan mazaɓarku: in abu ya faru cikin dare, wa ake fara kira, kuma ina jama'a za su taru?