FILIN MANOMA: Saƙa Da Kwarashi, A San Zare Kafin A Ɗora Hannu

Idan kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, an tsinke auduga, sai aiki ya yi sauƙi a gidan manomi. Mai fadama ya koma lambu, wani ya tafi cin rani, amma da yawa sai zama. A daidai wannan lokaci ne kuma iskar hunturu ta kan taso, tun daga watan Disamba har zuwa Fabrairu, sanyi ya addabi yara da tsofaffi. Ga hannu ba aiki, ga yaro ba rigar sanyi. Maganin abin nan biyu ɗaya ne, watau saƙa, ko ta kwarashi ko ta tsinke biyu. Mata da 'yammata da yawa sun riƙe ta abin ɗebe kewa, ana hira a tsakar gida hannu yana tafiya. To, amma saƙa tana da ƙa'ida kamar noma. Yadda manomi ba ya shuka irin da bai sani ba, haka bai kamata mai saƙa ta ɗora hannu a kan zaren da ba ta san asalinsa ba. Akwai zaren da ya ke tsare yaro daga sanyi, akwai kuma wanda zai iya jawo masa ƙuna.

SAƘA IRI BIYU

Saƙar da a ke magana a nan ba irin ta masaƙa ba ce, wadda a ke yin wadari a riƙa jefa ƙoshiya. Wannan zare ɗaya ne tak, a lanƙwasa shi a yi ido, a jawo wani ido ta cikinsa, haka haka har abu ya tashi.

A saƙar tsinke biyu idanu da yawa ne su ke jere a kan tsinke ɗaya, ana kwashe su ɗai ɗai zuwa ɗayan. Abin da aka saƙa ta haka yana da laushi, ya kan miƙe ya koma, sabo da haka ya fi dacewa da safa da rigar sanyi. Aibinsa shi ne in ido ɗaya ya kuɓuce ba a lura ba, sai ya yi ta warwarewa har ƙasa.

Kwarashi kuwa ɗan tsinke ne na ƙarfe ko roba ko itace, mai ƙugiya a baki, ido ɗaya kaɗai a ke riƙe da shi. Ya fi sauri, saƙarsa ta fi kauri, kuma ya fi cin zare. Shi ne na hula, da shawul na jariri, da jaka, da marfin kwano. Mai koyo ya fi kyau ta fara da shi, domin in ta yi kuskure sai ta ja zare ta warware zuwa wurin, ta sake. Ana auna kaurin kwarashi da milimita. Siririn zaren auduga yana son mai milimita 2 ko kusa da haka, matsakaicin zare kuwa mai 4 ko 5.

BA SABON ABU BA NE

Waɗansu suna tsammani saƙar tsinke abin ƙasashen sanyi ne kawai. Ba haka ba ne. Cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono akwai safa daga ƙasar Masar, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 13, kuma da zaren auduga aka yi su, fari da shuɗi. A Ingila wani mutum mai suna William Lee ya ƙago injin saƙa safa a shekarar 1589. Kwarashi shi ne ƙarami, sai a ƙarni na 19 ya bazu a Turai, kuma har yau hannu ne ya ke yinsa, inji bai iya kwaikwayonsa sosai ba.

Akwai labarin da ya kamata manomi ya ji. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan, alhali shi ne abincin talakawansu. Yunwa ta yi shekaru, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka bar ƙasar. A cikin wannan hali aka riƙa koya wa matan manoma da 'ya'yansu saƙar leshi da kwarashi, ana kai wa birane da ƙasashen waje a sayar. Gidaje da yawa da wannan suka sami abin sawa a baki. Abin da a ke ɗauka na ɗebe kewa, ran da gona ta ƙi shi ya kan zama madogara.

ZARE IRI UKU

A kasuwa kusan ko wane zaren saƙa mai kauri ulu a ke ce masa. Amma iri uku ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ulu na ainihi, watau gashin tunkiya. Ba ko wace tunkiya ke ba da shi ba. Tumakin ƙasar nan, 'Yankasa da Uda da Balami, gashinsu gajere ne mai kaushi, ba ya kaɗuwa. Allah Ya yi su don zafi, amfaninsu nama da fata. Tunkiyar da ta yi suna wajen ulu ita ce Merino, asalinta ƙasar Sifen, yanzu kuwa Ostareliya ce kan gaba wajen kiwonta. A kan yi mata aski sau ɗaya a shekara, a sami kilo 4 ko 5. A Afirka ta Yamma ma akwai tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda Fulani su ke saƙa bargo da gashinsu, da kuma na Kundum a bakin kogi wajen Tillaberi, a Nijar. Ulu na ainihi ya fi ko wane zare riƙe ɗumi, yana shan laima da yawa ba a ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta. Sai dai tsada, ga wuyar samu.

Na biyu shi ne zaren auduga. Yana shan gumi, ba ya ƙaiƙayi, yana jure wanki. Bai kai ulu ɗumi ba, kuma ba ya miƙewa ya koma, shi ya sa ya fi dacewa da kwarashi.

Na uku shi ne zaren roba, wanda a kan rubuta akirilik a jikin takardarsa. Ba daga dabba ya fito ba, ba kuma daga gona ba, daga sinadarin man fetur a ke yinsa. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitar da shi kasuwa a shekarar 1950 da sunan Orlon. Mafi yawan abin da a ke kira ulu a kasuwannin ƙasar nan shi ne. Yana da araha, launinsa ba ya zuba, asu ba ya cinsa. Amma ba ya shan gumi, kuma in ya sami wuta ci ya ke yi da sauri, yana narkewa yana ɗiga, ya manne a fata.

GWAJIN WUTA

Wannan magana ta ƙarshe ita ce abin kula. Lokacin da a ke sa wa yara rigar sanyi, shi ne lokacin da a ke hura wuta a ɗaki, ko a kewaye kasko da murhu da asuba ana jin ɗumi. Yaron da ke sanye da zaren roba, tartsatsi ɗaya ya isa ya yi masa mugun rauni. Rigakafi ya fi magani, gwajin kuwa ba wuya.

A yanki zare kamar tsawon yatsa, a riƙe shi da awartaki a bisa kwanon ruwa, a waje, a ƙyasta masa ashana. In ya ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya yi ƙauri kamar gashin da aka babbaka, wutar ta mutu da kanta, abin da ya saura kuma ya murmushe a hannu, ulu ne na ainihi. In ya yi baƙin hayaƙi, ya narke, ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙwallo, roba ce.

Ba a ce a daina saƙa da zaren roba ba, gama shi ne talaka ke iya saye. Abin da a ke so shi ne a sa wa yaro 'yar rigar auduga daga ciki, kada a bar shi kusa da wuta ko fitilar kananzir, in rana ta ɗaga kuma a tuɓe masa, don kada ƙurajen zafi su feso. Auduga ma tana cin wuta, ba ta dai narkewa a jiki. Kayan jariri kuwa kada a sa musu doguwar igiya a wuya, ko ƙananan maɓallai da zai iya cirewa ya haɗiye.

AUDUGAR GIDA

Manomin auduga yana da zare a gonarsa. Tun da manyan masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya buɗe a shekarar 1957, suka rufe ɗaya bayan ɗaya bayan shekarar 2000, ba kullum manomi ke samun kuɗin da ya ke so a kan audugarsa ba. Ba laifi ya keɓe kaɗan don gida. A zaɓi ta tsinkar fari, ita ta fi fari da tsabta, a zuba ta a kwando ko buhun yadi. Kada a sa ta a buhun leda, domin zaren ledar ya kan shiga ciki, ba ya kaɗuwa, ba ya kuma kama rini. In an gurza, abin da a kan samu wajen kashi ɗaya ne cikin uku, ko ya ɗan fi, saura angurya. Watau kilo 3 na auduga ya kan ba da kilo 1 na abin kaɗi, wannan kuwa ya isa huluna da yawa.

Tsofaffin mata sun san gurza da shiɓa da kaɗi da mazari, sai 'yammata su zauna kusa da su tun suna nan. Abu biyu kaɗai za a ƙara. Na ɗaya, zaren da aka kaɗa sili ɗaya ya kan karkatar da saƙa gefe, sabo da haka a haɗa sili biyu ko uku a murɗa su tare, ta hannun da ya saɓa wa murɗin farko. Na biyu, a wanke zaren a shanya kafin a fara, gama auduga ta kan tsuke a wankin fari. Mai son shuɗi sai ta kai marina, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, ta rina abin da za ta bukata duka a lokaci ɗaya, don kada launi ya bambanta.

AWO DA LISSAFI

Hannun kowa daban ne, wata tana tsuke ido, wata tana sake shi. Kafin a fara babban aiki a saƙa ɗan gwaji mai faɗin inci 4 ko wane gefe, watau santimita 10, a ƙirga ido nawa ne a ciki. Da wannan za a san ido nawa za a ɗora. Kewayen kan sabon jariri wajen inci 14 ne, na babban mutum kuwa 22 ko 23. Hula a kan rage mata kamar inci ɗaya don ta kama kai. Jariri ta kai ya ke yawan zubar da ɗumin jikinsa, sabo da haka hula ita ce abin fara saƙa masa.

Wadda ta ke so ta sayar, sai ta yi lissafi irin na ɗan kasuwa. A misali kawai, a ce dunƙulen zare naira 1,000 ne, rigar yaro ta ci dunƙule 3, ta ɗauki kwana 4. In aka sayar da ita naira 4,000, ladan kwana 4 naira 1,000 ke nan. Hula kuwa da ta ci dunƙule ɗaya, aka gama ta a yini guda, in aka sayar naira 1,800 ta fi riba nesa. Ban da haka rigunan sanyi na gwanjo sun cika kasuwa, ba a iya karawa da su wajen araha. Abin da ya fi fita shi ne wanda gwanjo ba ya kawowa, kamar hula da safa da shawul na suna masu launi ɗaya, da farar hula ta maza, da abin da aka yi a kan awon mai shi. In an ba da aiki a karɓi kafin alƙalami wanda ya isa kuɗin zare, akawu ko ɗan makaranta na gida ya riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita.

WANKI DA AJIYA

Kayan saƙa ba a bugunsu a kan dutse, ba a murɗe su. A wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a matse a hankali, a shimfiɗa a kan tabarma a inuwa. In an rataya a igiya nauyin ruwa ya kan ja su su yi tsawo. Ulu na ainihi in ya sha ruwan zafi da cuɗa sai ya tsuke ya cure, ba ya komawa. Zaren roba kuwa kada a sa masa dutsen guga. In sanyi ya wuce a wanke su, su bushe sarai, a sa a akwati da busasshen ganyen darbejiya, a ɗora a bisa wani abu sabo da gara.

Rigar da ta yi wa yaro kaɗan ba ta mutu ba. A warware ta, a naɗe zaren, a jiƙa shi ya miƙe, a saƙa wa ƙanensa. Kuma wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Tun kaka da kakanni maza ne ke saƙar fari da ɗinkin hula da aikin babbar riga a ƙasar Hausa, sabo da haka saurayin da ya riƙe kwarashi da rani bai yi abin kunya ba. Maigida ya sayo kwarashi biyu da dunƙulen zare ran kasuwa, a gwada zaren da ashana, a fara da hular ƙaramin yaron gida tun sanyi bai kankama ba. Allah Ya ba da sa'a, Ya kai rai ga damina lafiya.