Kuɗin da Ake Cirewa daga Albashin Ɗan Kwana-kwana, Ina Yake Zuwa?

Duk wanda ya zauna a Mai Wurno, ko a ƙauyukan Hausawa da ke bin gaɓar Shuɗin Nilu daga Sinnar zuwa Damazin, ya san yadda gobara take da rani. Rufin ciyawa, danga ta kara, ga iska mai ƙarfi. Kafin a ce kwabo unguwa ta tashi. A irin wannan rana babu wanda ake ambato kamar 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan muka fi sani da Difa'ul Madani. Amma ran da ɗayansu ya tsufa, huhu ya gaji da hayaƙi, gwiwa ta ƙi hawa tsani, ba kowa ke tambayar me zai ci ba.

Abin da zai ci shi ne fansho, wato ma'ash. Kuma ya kamata a gane tun farko cewa ba sadaka ba ce gwamnati ke yi masa. Kuɗinsa ne da aka yi ta gutsura daga albashinsa wata-wata tun ran da ya kama aiki.

A Sudan, ƙarƙashin dokar 2016 da ta haɗe asusun fansho da na inshorar ma'aikata wuri guda, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ɗora kashi 17, jimla 25. Wannan ya shafi wanda wani kamfani ko masana'anta ta ɗauka don kashe mata gobara. Jami'an Difa'ul Madani kuwa reshe ne na 'yan sanda, a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, kuma 'yan sanda da sojoji suna da nasu tsarin daban. Saboda haka tambaya ta farko da matashi zai yi ran da ya sa hannu a takardar aiki ita ce: ni a wane asusu nake? Da yawa sai furfura ta fito suke neman amsa.

'Yan'uwanmu na Najeriya ma haka ake cire musu tun dokar 2004, wadda aka gyara a 2014 ta koma kashi 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai ɗaukar aiki. Can ma ba a tsira ba: a 2021 kotu a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8, mutumin da aka ɗora don gyara harkar fansho, kan almundahanar kuɗin 'yan fanshon.

To ina haɗarin yake a wajenmu? Cirewa daban, zubawa daban. Ana iya cire kashi 8 daga albashinka kowane wata, ka gani a takarda, amma kuɗin bai taɓa isa asusu ba. Ba za ka sani ba sai ran da ka je neman haƙƙinka aka buɗe fayil aka ga shekara biyar ko goma babu komai a rubuce. A lokacin shugaban da ya san zancen ya bar aiki, wataƙila ma kamfanin ya rufe. Maganin abin shi ne ka je ofishin asusun da ƙafarka, ko da sau ɗaya a shekara, ka nemi a nuna maka watannin da aka zuba da sunanka.

Sai kuma yaƙi. Tun 15 ga Afrilu 2023 ƙasar nan ba ta zauna ba. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari a Disamba 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairu 2025. Sinja ma ta yi watanni a hannun Da'amus Sari cikin 2024. An wawashe ofisoshi, takardu sun watse, mutane sun gudu da kayan jikinsu kawai. Wanda ya adana takardar ɗaukarsa aiki da takardun albashi yana da abin nunawa. Wanda bai adana ba sai ya koma neman shaidu. Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya, ku aika wa ɗan'uwa a wani gari, asalin kuma a naɗe a leda.

A nan akwai wani abu da ya fi taɓa mu Hausawa. Kakanninmu sun zo ƙasar nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, sun yi noman auduga a Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, amma har yau akwai gidajen da ba kowa ke da raƙam waɗani ba, wato lambar ɗan ƙasa. Akwai kuma mai Mamman a gida, Muhammad a takardar aiki, sunan kaka kuma ya bambanta a katin shaida. Wannan ɗan saɓanin kaɗai ya isa ya tsayar da fayil. Idan maigida ya rasu, matarsa da marayu za su nemi i'ilam shar'i daga kotu don a san magada. In takardar aure babu, wahala ta ninku. A gyara waɗannan tun mutum na da rai.

Gaskiya kuma, ko an biya, fanshon ba lallai ya riƙe gida ba. A Fabrairu 2021 farashin dala a hukumance ya tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana ɗaya, kuma hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari. Kuɗin da aka cire maka lokacin yana sayen buhun dawa, yau ba zai sayi mudu ba. Ba na cewa a ƙi biya. Wanda ya roƙi a bar masa kashi 8 ɗinsa a hannu ya yafe kashi 17 da ba daga aljihunsa zai fito ba. Amma a haɗa da 'yar gona ko awaki.

A yi hattara da masu yawo suna cewa za su fitar maka da ma'ash cikin mako in ka ba su na shayi, ko masu bugo waya su nemi lambar sirrin manhajar bankinka ta Bankak. Babu ma'aikacin asusu da aikinsa ke bukatar wannan lamba.

Malamai da masu unguwanni, don Allah ku faɗi wannan a masallaci bayan Juma'a. Kai kuma da ke da ɗa ko ƙane a aikin kashe gobara, yau ɗin nan ka tambaye shi inda takardunsa suke.